Allurai a Cikin Zubi

Lahadi, 12 ga Oktoba, takwas na safe

Sun rufe masana'anta. Da muka isa ni da Baba mun tarar da sarƙa a ƙofa, an ɗiga jan kaki a kan kwaɗon, wani ɗan sanda yana zaune a kujerar maigadi yana cin wake da burodi. Shekarata goma sha ɗaya ina shiga ta ƙofar nan, Baba kuwa talatin da takwas. Ɗan sandan ya tambaye mu ko mu su wa. Baba ya ce shi ne Usta Mitwalli mai kula da tanderu, ni kuma 'yarsa ce, Injiniya Tahani mai awon ƙarfe.

Abin da ya dami Baba shi ne narkakken alminiyam da aka bari a tanderu na biyu. Ya ce in ya daskare a ciki sai an rushe bangon tanderun kafin a fitar da shi. Ya roƙi minti goma kacal. Ɗan sandan ko ɗago kai bai yi ba.

Baba bai yi maganar mutumin da ya mutu ba. Ni ma ban yi ba.

Lahadi, bayan la'asar

Sunansa Ashur. 'Ya'yansa uku. Gwaggo Nawal ce ta jiyo a kasuwa. Ban tambaye ta ba, ita ta ga damar faɗa.

Litinin, 13 ga wata, tara na safe

Kowa a garinmu, Mit Gamar, ya zama injiniya. Mai shayi ya ce taya ce ta fashe, mai guga ya ce gudu yake yi. Abin da na sani shi ne, ranar Alhamis toktok ɗinsa, keken nan mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, yana tafiya a bakin magudanar ban-ruwa, ba gudu yake ba, sai mariƙin tayar gaba ya karye gida biyu. Mariƙin namu ne. Tambarinmu na jikinsa. Kowane zubi yana fita da takardar awo, kowace takarda kuma da sa hannu a ƙasanta.

Ba zan rubuta hannun wa ba.

Talata, 14 ga wata, azahar

Na gaji da bayanin nan, amma bari in yi shi ko sau ɗaya ga wanda ba zai katse ni ba.

Kayan gwangwan muke narkawa: tsofaffin injinan mota, tukwane, firam ɗin taga, duk abin da masu amalanke suka kwaso. Ba wanda ke zuwa tsarkakke. Wannan da ƙusa, wancan da noti, wani da zoben fistin. Baƙin ƙarfe in ya narke a cikin alminiyam ya shiga ke nan, kamar gishiri a miya. Lokacin da zubi ke daskarewa sai ƙarfen ya tattaru ya yi wasu siraran abubuwa masu kaifi, in ka duba a madubin ƙara girma kamar an watsa allurai. In zubin ya huce a hankali, alluran su yi tsawo. Daga bakinsu tsaga ke farawa. A waje kuwa abu sumul, yana ƙyalli.

Da ba haka muke ba. Akwai mata shida da ke tsince ƙarfe da maganaɗisu kafin kaya su isa tanderu. Ina zuba sinadarin manganis kamar rabin yawan ƙarfen da na auna, sai alluran su lanƙwashe su dunƙule, su koma kamar rubutun Sinawa, wanda ba ya yanka. Mazubanmu na ƙarfe ne, ruwa na zagaya su, zubi ya daskare da wuri.

Sai Hajji Dasuƙi mai masana'anta ya kwanta ciwo, ɗansa Midhat ya hau kujera. A watan Yuni ya sallami matan. A Yuli manganis ya ƙare, ya ce yana hanya. Famfon ruwan sanyaya ya lalace, ya ce a koma zubin yashi kafin a gyara. Har yau ana gyarawa.

Sau biyu na rubuta masa. In na shiga ofis da hotunan sai ya yi dariya ya ce, “Injiniya, in alluran naki sun taru ki ɗinka mana riga mana.”

Laraba, 15 ga wata

Ban fita ba.

Alhamis, 16 ga wata, biyar na yamma

An kira mu gidan Hajji. An zaunar da shi a falo da bargo a ƙafa, ya rungume Baba yana kuka yana ce masa ɗan'uwana. An kawo shayi a kofunan baƙi, waɗanda ban taɓa ganinsu ba duk zuwan da nake yi gidan. Midhat na tsaye a bakin taga. Akwai lauya, wani mai turare da yawa.

Lauyan ya yi magana kusan rabin awa, amma abin da ya faɗa bai fi layi uku ba. In aka ce duk zubin ne ya lalace, masana'anta ta tafi, mutum saba'in sun rasa aiki, kuma wanda ya sa hannu shi za a fara nema. Nan ya kalle ni. Amma in kuskuren rana ɗaya ne, a ce tsoho ya kwaso lakar gindin tanderu ya zuba bai lura ba, to kuskure ne na tsufa, alƙali zai tausaya.

Na buɗe baki, Baba ya ɗora hannunsa a kan gwiwata ya danna. Ya tambayi lauyan wace rana yake so. Haka ya faɗa: wace rana kake so.

Suka zaɓi sha tara ga Agusta. Mariƙi arba'in aka zuba a ranar.

Juma'a, 17 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Mun yi faɗa ni da Baba. Gwaggo ta rufe taga don maƙwabta.

Na ce masa ƙarya ce, kuma ƙaryar ma ba ta tsayu ba. Mutumin da ke sa a kwashe laka kowace Asabar da hannunsa, wa zai yarda ya zuba ta a mazubi? Ya ce alƙali bai san laka ba. Na ce ni na sani. Ya ce to ki sani a cikinki.

Ya ce shi ya gama nasa, shekara sittin da biyar, me ya rage? Ni kuwa takardar digiri gare ni, kuma shi ya san yadda aka yi takardar nan ta samu. Na tsani wannan maganar. Tun ina jami'a yake ɗora min ita a kai.

Na ce, “Baba, ba arba'in ba ne.”

Ya ce, “Ban tambaye ki ba.”

Ya ɗauki hularsa ya tafi wurin mai shayi. Ya bar lalon da Gwaggo ta dafa masa ya huce a kwano.

Asabar, 18 ga wata, goma na safe

Wata uku. Mariƙi kusan ɗari tara muka zuba a haka.

Lahadi, 19 ga wata, la'asar

Baba ya je ya faɗa wa hukuma. Sun rubuta, ya dangwala yatsa, sun sake shi ya dawo gida zuwa ranar da za a neme shi. Ya shigo yana raha da Gwaggo, wai mai gabatar da ƙara yaro ne, ko gemu bai gama fitarwa ba. Gwaggo ta yi dariya, ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Midhat ya turo min saƙo: Allah ya saka wa Usta da alheri, mu iyali ɗaya ne. Da hoton fure.

Litinin, 20 ga wata, tara na safe

Na je sayen burodi. Tsakanin gida da gidan burodi na ƙirga toktok ashirin da uku. Na duba tayar gaban kowanne. Biyar namu ne. Ɗaya ya ɗauko mata biyu da buhun albasa, ɗaya 'yan makaranta ne cike har da na tsaye.

Na dawo ba burodin.

Talata, 21 ga wata

Tayar gaba. Tayar gaba. Ko a talabijin.

Laraba, 22 ga wata, sha ɗaya na safe

To, bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya kallon mutum.

Ranar takwas ga Yuli na yanki zubin farko da aka yi ba manganis, na goge, na sa a madubi. Ƙarfen ya ninka abin da ya kamata kusan sau uku. Alluran dogaye, har suna haɗe da juna. Na ce ba zan sa hannu ba. Mota na jira a tsakar masana'anta.

Midhat ya shigo ɗakin awo ya tura ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni lafiyar idon Baba. Ya ce ya lura kwana biyu ni ke karanta masa agogon zafin tanderu, ya lura kuma na ja kujerata kusa da ƙofa don in riƙa leƙa shi. Ya ce wani wuri da tuni an sallami tsoho, amma su suna riƙe da shi saboda ni. Mu riƙa duba juna, in ji shi. Sati ɗaya ne, manganis na hanya.

Na sa hannu.

Wannan ba shi ke hana ni cin abinci ba. Na ranar an matsa min. Amma na sati na biyu fa, da na uku? Ba wanda ya sake shigowa ya tura ƙofa. Takarda ta zo, in sa hannu, in wanke kofin shayina. A Agusta ma na daina dubawa a madubin, don kar in gani.

Alhamis, 23 ga wata, bayan magariba

Gwaggo ta ce ba kyau a yi mutuwa irin wannan ba wanda ya je daga gidanmu. Muka je, ba mu faɗi ko mu su wa ba. Ɗaki ɗaya ne da falo, mata cike. Matar Ashur, Zinat, ba ta kai ni shekaru ba. An ba mu gahawa ba sukari.

Wata ta ce an ji tsohon da ya yi zubin ya amsa laifinsa. Zinat ta ce ta ji. Ta ce ba ta san shi ba, ba ta son saninsa, amma kullum in ta yi sujada tana roƙon Allah ya makantar da shi kafin ya ɗauki ransa. A hankali ta faɗa, kamar mai faɗin abin da za ta dafa gobe. Matan suka ce amin.

Gwaggo ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga. Na shanye gahawar. Na ce Allah ya ba da haƙuri. Ta ce min na gode, 'yar'uwa.

Juma'a, 24 ga wata

Na gode, 'yar'uwa.

Lahadi, 26 ga wata, takwas na safe

An cire sarƙar. An kira kowa ya dawo aiki ban da Baba. Midhat ya sa an yi wa ɗakin awo fenti, ya sayo min sabuwar kujera mai juyawa. A kan teburina buhu biyu na manganis, an ɗaura wa ɗaya jan ƙyalle kamar kayan biki. Ashe yana samuwa.

Na nemi fayil ɗin da nake ajiye wasiƙun da na rubuta masa. Babu. Sakatare ya ce wataƙila masu fenti ne.

An karɓo mariƙi arba'in ɗin nan na sha tara ga Agusta, an canza su, har an ɗauki hoto. Midhat ya ce magana ta ƙare.

Talata, 28 ga wata, uku na rana

Wani bakanike mai suna Zaglul ya zo gida. Baba ba ya nan. Ya ƙi zama, ya miƙo min abu a nannaɗe cikin jarida. Mariƙi ne, tsaga ta ci fiye da rabinsa. Ya ce direban ya ji tayar na rawa ne ya kawo masa, da ya ƙara kwana ɗaya da wani zancen ake. Ya ce ya kai masana'anta, Midhat ya ce ya bar shi a nan, shi kuma ya ƙi.

Ya ce, “Injiniya, ni ban yi boko ba, amma ina karanta lamba. Usta ya ce Agusta. Wannan Satumba aka buga a jikinsa.”

Na ƙarasa karya shi a kan dakalin ƙofa. Bai yi gardama ba, kamar busasshen burodi. Bakin karayar yana walƙiya, faifai-faifai. Ba na bukatar madubi.

Zaglul ya tambaye ni guda nawa ne. Na faɗa masa. Ya ce ƙaninsa ma irinsa ne a toktok ɗinsa, ya juya ya tafi da sauri ko sallama babu.

Laraba, 29 ga wata, bakwai na safe

Baba yana karyawa. Zan fita kafin ya gama.

Laraba, biyar na yamma

Awa huɗu na yi a gaban mai gabatar da ƙara. Na kai mariƙin, na kai hotunan da suka rage a wayata, na faɗi ranakun. Mai gabatar da ƙarar ya tambaye ni sau uku ko na gane abin da nake faɗa a kaina. Na ce na gane. Ya ce kuma na san mahaifina ya yi shaidar ƙarya ke nan. Wannan ne ban yi tunaninsa da kyau ba.

Ban ji sauƙi ba. Na ɗauka zan ji. Mutane na cewa in ka faɗi gaskiya kamar an sauke maka kaya. Ni dai yunwa na ji, da ciwon kai.

Alhamis, 30 ga wata, azahar

Sun zo sun tafi da Baba da safe, sun dawo da shi kafin azahar saboda shekarunsa. Ya shigo ya wuce ni a zaure kamar ya wuce randa. Ya ce wa Gwaggo ta faɗa wa mutanen gidan nan cewa abu ɗaya ya taɓa roƙo a rayuwarsa.

Ina tsaye a wurin. Taku biyu tsakaninmu.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Bai yi min magana ba.

Lahadi, 2 ga wata, goma na safe

An sake rufewa. Mutum saba'in. Matar ɗaya daga cikinsu ta tofa yawu a bakin ƙofarmu, Gwaggo ta wanke.

Midhat ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai san allura ba bai san zare ba, abin da injiniyarsa ta sa wa hannu shi yake sayarwa. Ba wasiƙa, ba shaida. Matan nan shida da ya kora suna tsoron magana. An dakatar da ni daga aikin injiniya har a gama shari'a. Lauyan da Gwaggo ta samo min ya ce in shirya wa komai.

Hajji ya aiko a faɗa wa Baba cewa bai taɓa zaton haka daga gidan da suka ci abinci tare ba. Baba ya karɓi saƙon a tsaye, kansa a ƙasa. Wannan ya fi min komai ciwo. Har yanzu kunyarsu yake ji.

Talata, 4 ga wata, la'asar

An ba da umarnin a janye duk zubin wata ukun. Na je na ga umarnin: takarda ɗaya, an liƙa ta a bangon wani ofis, a bayan injin shan ruwa. Direban toktok nawa ne ke shiga can?

Na buga tawa takardar, da hoton tambarin da inda ake duba watan da aka yi zubin. Na je tashar bakin kasuwa. Suka kewaye ni suna dariya. Ɗaya ya ce ashe ke ce mai sa hannun, yanzu kuma kin zo ki sa mana hannu a kan me? Wani ya ce in ya ajiye toktok yau, ni zan ciyar da gidansa? Wani ya naɗe takardar ya zuba gyaɗa.

Mutum biyu suka yarda suka je wurin Zaglul. Biyu.

Laraba, 5 ga wata

Yau mutum uku. An jefe ni da ɓawon lemo.

Alhamis, 6 ga wata, bayan la'asar

Tashar jirgin ƙasa yau. Na yi awa ɗaya ina magana ba wanda ya tsaya. Sai na ga direbobin sun yi shiru suna kallon bayana.

Baba ne, da rigar aikinsa mai ƙonannen hannu. Bai kalle ni ba. Ya wuce wurin shugaban tashar, wani mai ƙaton ciki da ake kira Abu Samra, suka gaisa. Ya ce masa, “Ka san ni?” Abu Samra ya ce wa bai san Usta ba. Baba ya ce to shi ya zuba abin nan da hannunsa, kuma ba zai ɗora ko akuya a kansa ba. Duk wanda nasa ya faɗa cikin watannin nan ya sauke fasinja yanzu.

Ba wanda ya yi dariya. Maganata ce, kalma da kalma, wadda na kwana uku ina yi.

Suka jera. Ni ke durƙusawa in goge laka in karanta, Baba na tsaye yana ce wa direba wuce ko tsaya. Goma sha ɗaya muka tsayar. A biyu daga ciki tsagar har ta fito fili, ɗaya direban ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Direba na sha biyun ya ƙi. Saurayi ne mai sabon aski. Ya ce nasa wata biyu ke nan ko ƙara bai taɓa yi ba, kowa da ranarsa. Baba ya riƙe madubin toktok ɗin, saurayin ya fizge. Wata mata ta riga ta shiga da jakunkunanta da jaririya a kafaɗa. Na yi mata magana, ta ce sauri take yi. Na bi su da ido har suka sha kwanar gada, ban ma riƙe lambarsa ba.

Mun dawo gida a ƙafa, yana gaba ina baya.

Gobe tashar gada, ƙarfe shida. Bai ce zai zo ba. Na dai ji yana ce wa Gwaggo ta tashe shi da wuri.